Gungume a Saman Gonar Riɗi

Ranar da Izzuddeen mai yankan katako ya je Zandam duba wani maɗaci da iska ta kayar a bayan gonar Malam Iliyasu, 'yar Malam ɗin, Mas'uda, ce ta kawo masa ruwa. Ya sha, ya rikice, wallahi har kofin ya tafi da shi Birnin Kudu.

Da yake da wayarta Malam ya kira shi, da la'asar sai ga saƙo: "Mai inji, kofinmu fa?"

"Zan dawo da shi, Sanyin Idona. Zuciyata dai ki riƙe."

Magana ta yi nisa, amma Malam ya ce atafau. "Bara masu katako suka ja gungume da tarakta ta cikin riɗina, suka kwantar da rabinsa. Ba na ba irinsu 'ya!"

Mas'uda ta sha kuka. Ga shi kuma maɗacin ba shi da hanyar fita sai ta cikin riɗin.

A rumfar katako, abokan aikinsa na kallon wani shiri a waya, Turawa na janyo gungume daga rami a kan igiyar ƙarfe da aka ɗaura a sama, suna ta faɗa da juna.

"Duk wasa ne," in ji Badaru abokinsa. "Har faɗan nasu don kyamara suke yi."

"Faɗan ƙarya ne," Izzuddeen ya ce, "amma igiyar gaskiya ce."

Ya aro igiya wajen masu gina rijiya, ya ɗaura daga tsamiya zuwa tsamiya, shi da Badaru suka rataya gungumen maɗacin suna ja. Kash! Yana kaiwa tsakiyar gona ya cije, yana lilo a saman riɗi.

"Dabarar Turawan nan ta ƙi, kira tarakta kawai," Badaru ya ce.

"Ko zan kwana nan, ba a taka wa Malam ko kara ɗaya."

Ashe Malam na tsaye yana ji. Ya juya gida. Mas'uda da ke bakin gona ta ɗauka fushi ya yi, sai ga shi ya dawo da shanun nomansa biyu.

"Ɗaura musu, yaro. Turawan naka ba su nuna maka wannan ba?"

Bayan an yanke riɗi aka ɗaura aure. A kan bencinan maɗacin nan baƙi suka zauna, Malam yana ta sa albarka. Da aka kai amarya, Izzuddeen ya miƙa mata kofin.

Ta yi dariya. "Riƙe abinka, Mai inji. Gida ɗaya ne yanzu."