Kunkurun Tudun Kutus

Kadija na tankaɗe a tsakar gida, rana na shirin faɗuwa, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryarta. Kafin ta ɗaga kai wani dutsen ya dira kan kwanon ɗaki. Mijinta Burahima ya fita ƙofar gida da sanda, bai ga ko akuya ba. Da ya dawo ya ɗauki dutsen ya juya shi a hannu. Babu irinsa a yashin Gure. A kan tudun Kutus kaɗai ya san shi.

Can yake hawa ɗibar ƙaro duk rani, inda itatuwan dakwara da dashi da anza suka yi duhu a saman dutse. A zuwansa na ƙarshe ya tarar da wani ƙaton kunkuru a bakin raminsa, ya ɗaure shi bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kawo wa ƴarsa Rumasa'u ta yi wasa.

Jifa ta zama ta kullum, da an kira magariba. Daga baya aka soma jin tarin tsohuwa a bayan rumbu, inda kunkurun ya yi rami. Rumasa'u ta daina zuwa lakwal, makarantar bokonsu, ta daina cin tuwo sai ɗanyen ganye. Wata yamma suka iske ta rub da ciki tana tonon ƙasa, faratanta na jini. Lokotoro ya duba ta a asibiti, bai ga komai ba.

Burahima ya ɗauko Malam Fadilu daga Gidigir. Malamin ya daɗe yana karatu a kan Rumasa'u, gida tsit. Can wuyan yarinyar ya miƙe a hankali, ta buɗe ido.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Makiyayiya," ta ce, da muryar tsohuwa. "Tun jimina na yawo a Kutus nake kiwo. Jimina ta ƙare, barewa ta yi kaɗan. Uwar kunkurun nan ce ta rage mini, mutumin nan kuma ya ɗauke ta da ƙwai a ciki."

Burahima ya ce, "Wallahi ban sani ba, Inna. Gobe in mayar da ita."

"Ta riga ta binne su bayan rumbunka. In ka tone, sun mutu. Ina nan jikin yarinya har su fito."

"Ki ji tsoron Allah," Malam ya ce. "Ba yarinyar ce ta ɗauke miki ita ba."

Suka daɗe suna ja. A ƙarshe ta yarda ta fita, bisa sharaɗi kada kowa ya taka bayan rumbu, kuma in sun ƙyanƙyashe Burahima ya hau da su tudun, uwa da ƴaƴa.

"Duka," ta ce. Rumasa'u ta yi atishawa, ta sulale, ta farka tana neman ruwa.

Jifa ta tsaya. Da damina ta sauka ƴan kunkuru suka fito, kowane bai wuce tafin jariri ba. Burahima ya kwashe su a kwando, ya ɗaure uwar, ya kama hanya. Ya iske tudun ya yi kore shar, zabbin daji na gudu cikin ciyawa. Ya sake su a gindin anza. Yana miƙewa ya ji murya daf da ƙeyarsa.

"Saura ɗaya."

Bai waiwaya ba. Da gudu ya gangaro, ya hau moto, ya tuƙa cikin jiƙaƙƙen yashi yana salati, yana faɗuwa yana tashi.

A ƙofar gida ya tarar da Kadija rungume da yarinyar.

"Maigida, ashe yarinyar nan ta ɓoye ɗan kunkuru ɗaya cikin zanenta, da ka tafi ta fito da shi ta dunƙule a hannun dama. Wata tsohuwa ta shigo roƙon ruwa. Na juya in ɗebo, sai na ga ta kama hannun Rumasa'u tana buɗe mata yatsu. Ta ɗauke shi ta fita. Na bi ta, ko sawu babu."

Rumasa'u ta warke, ta koma lakwal. Amma hannun nan na dama bai ƙara dunƙulewa ba. Da hagu ta sake koyon rubutu.