Kwana Arba'in Ba Awarwaro

Injin wulwulawa ya yi minti goma sha biyu yana juyi, sau dubu goma a kowane minti, sannan ya tsaya. Dakta Bara'atu Kuraye ta buɗe murfinsa, ta zaro wata kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ta ɗaga ta wajen fitila. A gindin kwalbar wani ɗan laka ya kwanta, ruwan ƙasa. An tace shi ne daga tsokar zuciyar wata mata mai suna Lantana, 'yar shekara ashirin da shida, wadda ta faɗi shekaranjiya da hantsi tana shanya, ba ta sake tashi ba.

Lantana ce ta biyar cikin wata uku. Dukansu mata ne, dukansu ma'aikata a masana'antar farantan hasken rana ta Tudun Haske, kuma dukansu an yi musu allurar Ba-Gajiya.

Jikin mutum taro ne na ƙwayoyin halitta, kowace da tantanin da ya kewaye ta kamar ganuwa. A jikin tantanin akwai ƙofofi da famfuna. Famfon da ya fi kowa wahala shi ne mai fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, dare da rana, domin da wannan bambancin ne jijiya ke kai saƙo, zuciya ke bugawa. Famfon ba ya aiki sai da makamashi, makamashin kuwa daga mitokondiriya yake fitowa, waɗanda ɗalibai ke kira murhun ƙwaya. In aiki ya fi ƙarfin murhu, sai mutum ya ji gajiya, ya nemi wuri ya zauna. A haka 'yan Adam suka yi ta lallaɓawa har shekarar 2088, lokacin da Farfesa Mainasara Tukur, shugaban Cibiyar Nazarin Ƙwayar Halitta, ya duba tsarin ya ga yana da gyara.

Allurarsa tana zuba wa mutum sababbin murhu da aka ƙera a ɗakin gwaji. Suna hayayyafa da kansu, suna kafa nasu famfunan a tantani, suna ba da makamashi ninki huɗu. Mai Ba-Gajiya yana aikin awa goma sha takwas, ya yi barcin awa biyu, ya tashi yana neman ƙari. Mutum dubu arba'in suka miƙa hannu. Kowa aka sa masa awarwaro mai auna zafin jiki da bugun zuciya, yana aika rahoto Cibiya kowace daƙiƙa. A shekara uku awarwaron bai taɓa yin ƙara a kan kowa ba, kuma Farfesa yakan faɗi haka a duk taron da aka ba shi abin magana.

Bara'atu ta sa ɗigon lakar a ƙarƙashin babban madubin lantarki. Murhun Lantana sun kumbura, sun fashe, ninkin da ke cikinsu ya narke kamar robar da aka manta a bakin wuta. Haka ta gani a sauran huɗun. Abin da ya ƙona su ne ba ta sani ba.

Wayarta ta yi ƙara. Gwaggo Asabe ce, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta riƙe ta da ƙanwarta Zuwaira tun rasuwar mahaifiyarsu. Zuwaira, wadda ita ma ma'aikaciyar masana'antar ce mai Ba-Gajiya, ta haihu kwana tara da suka wuce, haihuwar fari, tana wankan gida a wurin Gwaggo a Tsohon Gari.

"Dakta," in ji Gwaggo, wadda ba ta kiranta haka sai za ta yi mata tsiya, "in likitancin ya bar ki, a taimaka a kawo mana kanwar nan. Ungurnu na ce, ba wannan garin na leda ba."

"Tana jakata tun jiya, Gwaggo. Yaya mai jegon?"

"Wace mai jego? Ƙanwarki ai doki ce. Ta share tsakar gida, ta wanke kayan jaririya, yanzu da ƙyar na ƙwace taɓarya a hannunta. Jikin dai da zafi rau, amma wanka ne yake kama ta. Kunu kuwa kwano uku take shanyewa."

Bayan ta ajiye wayar, Bara'atu ta buɗe rahoton awarwaron Lantana, don ta ga lokacin da zafin ya fara. Babu komai. Layin ya tsaya cak kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarta, an rubuta a gefe: hutun jego. Ta buɗe na biyu. Hutun jego. Na uku, na huɗu, na biyar.

Ta tuna taron da aka yanke wannan shawara, domin tana wurin, har ta tafa. Tafasasshen ruwan wankan jego yana lalata awarwaro, kuma zafinsa zai riƙa sa na'urar Cibiya ihu a banza. Farfesa ya miƙe ya ce su mutane ne masu girmama al'ada, ba za su bi mace har banɗakin gidan iyayenta suna leƙe ba. Aka umarci na'ura ta rufe ido kwana arba'in a kan duk wadda ta haihu. Ƙungiyar mata ma'aikata ta ba shi lambar yabo, tana nan rataye a ofishinsa.

Ta dubi jakarta.

Ta gutsuri kanwar, ta narka ta a tataccen ruwa, ta tace. Ta ɗauko faranti mai rayayyun ƙwayoyin zuciya da ake reno a Cibiya, masu ɗauke da Ba-Gajiya, ta zuba musu rinin da ke sa murhu mai lafiya haske ja. A madubi sai ka ce garwashi a cikin duhu. Ta kai bakin tsinken gilashi, wanda ya fi gashi siranta sau ɗari, ta manna shi a tantanin ƙwaya ɗaya, har allo ya fara zana aikin famfo: layi mai hawa da sauka a natse. Sannan ta ɗiga ruwan kanwa.

Layin ya hau. Ta jira ya sauko, bai sauko ba.

Gishirin miya ba ya yin haka. Sun gwada shi sau ɗari. Amma Ba-Gajiya birki ɗaya gare shi: in ƙwaya ta yi aiki ta tara tsami, tsamin yana sa famfo ya lafa. Kanwa kuwa tana zuwa da sodiyam mai yawa, ta ba famfo aiki, sannan ta kashe tsami. Duk macen da ta taɓa jefa ta a miyar yakuwa ta san haka. Masu digiri talatin da biyu ne a Cibiya, ba wanda ya tambayi ko mace ɗaya.

Jan hasken ya ƙaru har ya ɗauki ido. Ƙwayar ta yi ta bugawa, da sauri, da sauri. A minti na bakwai garwashin ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga gefe zuwa tsakiya, sai duhu.

Ta iske Farfesa a ofis yana shan shayi, ta ajiye masa hoton a gabansa, ta yi bayani a tsaye.

"Biyar cikin dubu arba'in, Dakta," ya ce. "Lissafi bai ma san da su ba."

"Ranka ya daɗe, biyar cikin masu jegon da aka kawo mana gawarsu. Sauran an yi musu sutura a gida, an ce kwana ne ya ƙare. Ina son Makulli, don ƙanwata mai jego."

Makulli shi ne maganin da ke kashe sababbin murhun gaba ɗaya. Yana cikin firjin da ke bayan kujerarsa, ba a taɓa yi wa mutum ba.

"Sai mutum uku sun sa hannu, kuma kwamiti sai Alhamis. Kin kuma san tsofaffin murhunta sun shekara uku ba aiki, sun tsumure. In kika kashe sababbin, da me za ta ɗaga cokali?"

"Za ta ɗaga shi a hankali."

Ta zagaya kujerarsa ta buɗe firjin. Farfesa bai hana ta ba. Ya dai duba agogo ya rubuta lokacin, saboda kwamiti.

Jirgin igiya yana kai mutum Tsohon Gari a minti ashirin. Bara'atu ta kira Gwaggo sau shida a hanya, ba a ɗauka ba. Gwaggo ba ta taɓa waya in tana haɗa ruwan wanka.

Ta shiga gidan ana kiran azahar, ko sallama ba ta yi ba. Babbar tukunya tana tafasa a tsakar gida, ganyen darbejiya yana iyo a ciki. Zuwaira tana tsaye a rana tana tankaɗe da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kwanon kunu. Ko ɗigon gumi babu a fuskarta. Idanunta suna ƙyalli.

Bara'atu ta buge kwanon, ya kife a ƙasa.

"Innalillahi!" in ji Gwaggo. "Ke, boko ne ya taɓa ki? Da wannan kunun uwarki ta yi jegonki, ga ki nan har da gilashi!"

"Inna ba ta da Ba-Gajiya, Gwaggo."

Ta kama wuyan hannun Zuwaira, inda shatin awarwaro yake. Fatar tana ƙuna kamar murfin tukunya. Ma'aunin aljihunta ya nuna zafi arba'in da ɗaya da rabi, bugu ɗari da saba'in.

"Yaya, wallahi garau nake," Zuwaira ta ce tana dariya. "Ban taɓa jin ƙarfi irin na yau ba. Ji nake kamar in ɗauki gidan nan in sauya masa wuri."

"Na sani. Gajiya ce ya kamata ta gaya miki, kuma mun cire miki ita. Zauna in yi miki allura."

"Allurar me?"

"Ta cire Ba-Gajiya."

Dariyar ta ɗauke. Zuwaira ta fizge hannunta, ƙarfin fizgar ya kusa kayar da yayarta.

"Ki cire? In koma masana'anta da me? Wa zai ɗauki mai barcin awa takwas? Ke kika kai ni layi da kanki, Yaya. Kika ce ke kika duba, babu abin da zai…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta dafa ƙirji, ta dubi Gwaggo kamar za ta tambaye ta wani abu, sai ta zube ƙasa. Rariyar ta gangara har bakin murhu.

"Ruwan randa, Gwaggo! Mai sanyi!"

"Mai jego da ruwan sanyi? A gidana?"

"Ko ruwan sanyi ko na gawa, zaɓi ɗaya!"

Gwaggo Asabe ta ruga wajen randa. Ta kinkimo bokiti. Bara'atu ta nemi jijiya a hannun Zuwaira, ta rasa, ta sake nema, ta tura Makulli har ƙarshe. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan ƙanwarta tana ƙirga. Ɗari da saba'in. Ɗari da tamanin. Sai ba ta ji komai ba, na tsawon lokacin da Gwaggo ta yi salati biyu. Sannan wani bugu mai rauni ya zo, wani ya biyo shi a makare.

Zuwaira ta yi kwana biyu tana barci. Da ta farka ta ce a miƙo mata 'yarta. Aka ɗora mata, hannuwanta suka kasa riƙewa, sai da Gwaggo ta tallafa daga ƙasa.

Kwamiti ya zauna ranar Alhamis kamar yadda aka tsara. Bai ga laifin allura ba. Ya haramta sayar da kanwa a Tudun Haske, ya gode wa Farfesa bisa saurin gano matsalar, ya rubuta wa Dakta Bara'atu takardar gargaɗi kan buɗe firji ba izini.

Ranar Juma'a da safe ta koma Tsohon Gari. Zuwaira tana kwance tana kallon rufi. Gwaggo tana zaune a tabarma da jaririyar, Rumasa'u, a cinya.

"Uwar dai kin kashe mata ƙarfi," in ji Gwaggo, "amma Allah ya mayar a kan 'yar. Dubi nan. Kwana goma sha uku, wai har tana neman ɗaga kai. Ba kuka, ba rigima. Barci kuwa, ni dai ban ga ta runtsa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Bara'atu ta ajiye jakarta a hankali.

Murhun ƙwaya daga uwa kaɗai ake gadonsa. Uba ba ya ba da ko ɗaya. Takardar Farfesa, shafi na tara, ta tabbatar da cewa sababbin murhu ba sa isa ƙwan mace. An gwada a ɓeraye na wata shida, kuma ita ce ta sa hannu a ƙasan shafin.

Ta goga auduga a cikin kumatun jaririyar, ta shafa a gilashi, ta ɗiga rini, ta sa a madubin aljihu. Ja ne ko'ina, ninki huɗu. Ta bi ƙwaya bayan ƙwaya tana neman tsohon murhu, ko guda ɗaya, irin wanda Zuwaira ta koma kansa da aka yi mata Makulli. Ba ta samu ba. Sababbin sun cinye wurin tun yarinyar tana ciki, babu abin da za a kashe a bar mata saura.

"Me kika gani, Dakta?" Gwaggo ta tambaya. Wannan karon ba tsiya a muryarta.

Bara'atu ta ɗago daga madubin. Tana ƙoƙarin tuna yawan yaran da aka haifa a Tudun Haske bara, sai ta tuna: dubu biyu da ɗari shida. Rumasa'u ta kama ɗan yatsanta ta matse, tana kallonta da idanu tar, ba alamar za ta gaji ta saki.