Harshen da Barau Ya Jefa a Marina

Wanda bai taɓa ganin gawa ta rasa mai yi mata salla ba ya gode wa Allah, sannan ya saurari abin da ya sami Barau mahauci. An yi wannan abu ne a zamanin da Sakkwato ke naɗa rawani tana kuma warware shi, a wani gari mai ganuwa kusa da gulbi, tsakanin Bakura da Talata Mafara. Ba zan kama sunan garin ba. Jikokin masu abin suna nan, kuma ba mantawa suka yi ba, shiru dai suka iya.

Barau ƙaramin mahauci ne, irin mai karɓar cinya ɗaya a hannun manya ya yanyanka ya kasa. Yana da mata, Taibatu, da ɗa saurayi, Bawa, wanda hannunsa ya fara faɗawa a fiɗa, da 'yar auta A'isha. Abinci bai taɓa gagarar gidan ba. Amma Barau na cikin mutanen nan da in sun ga garken wani sai tuwon gidansu ya daina yi musu daɗi.

Wata damina mai yawan ruwa 'yan hari suka sauko daga arewa, suka kore wani sashe na shanun garin, suka haye gulbi da su tun ruwa bai taso ba. Kafin a gama shiri gulbi ya kawo, ya cika ya batse. Sarkin Ruwa ya ce kada kowa ya shiga. Maigari ya ce shi ba za a yi masa dariya a Mafara ba, a bi su. Aka tara magidanta, yawancinsu masu shanu, aka tura su wani mashigi can nesa da gari. Barau aka ɗora wa guzuri, shi ya sa yake baya. Da aka shiga ruwa ya kama reshen itacen giyayya ya rungume, daga nan ya ga komai. Ruwa ya kwashi na tsakiya, waɗanda suka kai gaci kuwa mashi na jiransu. Dikko, Bafulatanin da ya fi kowa shanu a garin, a gaban idonsa ya nutse.

Barau kaɗai ya dawo. Bai kai ga shiga unguwa ba aka ja shi zauren Maigari, aka kori kowa.

Maigari ya ce, "Barau, wa yag gani bayan kai?"

"Ranka shi daɗe, sai Allah."

"To, ji nan. In labari yak kai Sakkwato cewa na tura talakawa cikin ruwa bayan an hana ni, rawanin ga ya tahi, ƙanena kuwa ya daɗe da auna kainai da shi. Amma in kama su anka yi da rai, wanga ƙaddarar yaƙi ta, sai a shiga batun fansa." Sannan ya ƙara da cewa, "Dukiyar wanda ba shi nan kuwa ba a raba ta. Amana akan ba wani shi riƙe."

Barau ba yaro ba ne, ya san inda zancen ya dosa, har ya ji yawu ya taru masa a baki. Abu ɗaya ya tsaya masa: gulbi ba ya riƙe gawa, in ya gaji da ita sai ya amayar a gaɓa kowa ya gani. Ya ce wa Maigari a ɓoye shi tukuna, akwai inda zai je.

A ƙasar Maradun, wajen Faru, akwai wani kufai da yaƙi ya cinye tun kafin a haifi Barau. A tsohuwar marinar kufan wata tsohuwa take zaune, kowa Gwaggo yake ce mata, ba wanda ya san gwaggon wa ce. Barau ya isa da rana tsaka. Ramukan rini duk sun bushe sun tsattsage, sai guda ɗaya da ke cike da baƙin ruwa har baki, ko ƙuda ba ya sauka a kansa. An jera ƙahonin shanu kewaye da shi, bakinsu na duban ƙasa. A jikin wani busasshen itace igiyoyin dabaibayi ne rataye, kowace da ƙulle-ƙulle. Tsohuwar na zaune a gindinsa, hannayenta shuɗi har gwiwa, ga shi an yi shekaru ba a tsoma zane a wurin ba. Ya yi sallama, ba ta amsa ba.

Ta ce, "Warin ruwa nika ji gare ka, mahauci. Mi kaka so?"

Ya faɗa mata. Yana so gulbi ya riƙe abin da ya haɗiye, yana so a gaskata bakinsa, yana so shanun da za su shigo hannunsa su yaɗu.

"Abu ukku ke nan. Mi kaz zo da shi?"

"In shanun sun zaka hannuna, ki zaɓi bijimi."

Ta yi wata 'yar dariya marar sauti. "Mi za ni yi da bijimi, ni da ba ni da haƙori? Bakinka nika so. Daga yau, wanda duk kac ce shina da rai, duniya ta gan shi da rai. Amma ba ka ƙara ba da labarin mutuwa a yarda da kai, har abada."

Barau ya ji abin ya yi araha. Shi ba liman ba, shi ba mai shela ba, ina ruwansa da labarin mutuwa? Ya ce, "Shi ke nan?"

"Saura ladan kiwo. Mutanen ga da za ka hana ma kabari ba su kwantawa, su za su yi maka kiwo. Kowace damina sai sun ɗauki ladansu, kuma su ka zaɓe, ba kai ba."

Ya san al'adar makiyaya, ɗan maraƙi ne a shekara. Duk da haka ya ce, "Gwaggo, a yanke ladan tun yanzu mana."

"Ba ka zo ciniki da rayayyu ba. In ka fasa, ga hanya."

Bai fasa ba. Ta aike shi fadamar bayan kufai, inda ruwa ya yar da wata saniya ta kumbura, ta ce ya yanko harshenta. Wuƙar da ubansa ya bar masa, wadda ba ta taɓa shafar mushe ba, da ita ya yanka. Ta sa ya riƙe harshen kusa da bakinsa, ya riƙa kiran sunayen mutanen ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce yana da rai, ita kuwa tana ƙulla igiya. Da ya zo kan Dikko ya tsaya, sai da ta ɗago ido ta dube shi sannan sunan ya fita. Ta naɗe harshen da igiyar, ta ce ya jefa a ramin da hannunsa. Ya jefa, ruwan ko motsi bai yi ba.

A gaban alƙali Barau ya rantse cewa da idonsa ya ga an ɗaure su a igiya an yi arewa da su, duka da ransu. Maigari ya aika Sakkwato cewa ba a yi asarar rai ba, ana neman hanyar fansa, aka sa masa albarka. Alƙali ya yanke abin da shari'a ta ce game da wanda ya ɓace: ba takaba, ba rabon gado, mata su jira, dukiya a ba amintacce. Amintaccen kuwa kun san shi. Gulbi ya janye, bai bar ko takalmi a gaɓa ba.

Baturiya, matar Dikko, ta tare shi a ƙofar fada. Ta ce, "Barau, dube ni. Dikko na da rai?"

"Shina da rai."

Ta koma gida ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Haka gidaje da yawa suka zauna, yara ba a kira su marayu ba balle a ji tausayinsu.

Arziki kuwa ya zo kamar an buɗe masa ƙofa. Shanu su fita da safe ba kowa a bayansu, su dawo da yamma a jere, cikinsu jiƙe da ruwa ko da tsakiyar rani ne. Ba wadda ta ɓata, ba wadda kura ta taɓa. Barau ya zama mai yanka a kasuwar Talata, ya aika nama Bakura, ya gina soro, Maigari ya naɗa shi Sarkin Pawa. Masu kiransa Barau gatsau suka koma durƙusa masa. In ya tuna ladan kiwo sai ya leƙa garke, ya ga maruƙa sun cika, ya ce ƙila tsohuwar tsoratarwa ce kawai.

Da damina ta kewayo, wata safiya Taibatu ta je tashin A'isha ta tarar da ita a sandare. Ɗakin a bushe yake, tabarma a bushe, amma bakin yarinyar da hancinta cike da ruwa da yashi. Barau ya ruga wurin liman.

"Malam, ɗiyata A'isha ta rasu."

Liman ya dube shi da mamaki. "Wace A'isha? Yanzu-yanzu tag gaishe ni, tana ɗauke da ƙwaryar nono. Sarkin Pawa, bari irin wasan ga."

Ya bi maƙwabta gida-gida. Kowa ya ce yanzu ya gan ta. Waɗanda ya jawo har ɗakin suka leƙa, suka ce ai barci take, suka fita suna murmushi. Shi da Taibatu da Bawa suka wanke ta, suka haƙa rami a bayan ɗaki. Ba wanda ya zo gaisuwa. Abin da ya ƙarasa Taibatu shi ne matan unguwa, da kullum sai sun ce mata A'isha ta girma, jiya sun gan ta a bakin rijiya. Tun tana kuka tana musu, har ta fara fita nemanta. Kafin lokacin kaka, ta yar da mayafi, tana yawo a gari tana kiran sunan 'yarta, yara na bin ta.

Yanzu Barau ya san irin ladan da ake nufi, ya kuma san Bawa kaɗai ya rage masa. Tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa sani ba. Ya koma kufai ya zube a gaban Gwaggo, ya ce ta karɓe garken duka.

Ta ce, "Garken ba naka ba na, balle ka ba ni. Makiyayanka ba su barin aiki sai an yi musu salla an raba gadonsu. Salla kuwa sai da shaida. Wa yag gani bayan kai?"

Ya tafi gaban alƙali a cikin taro, ya ce ƙarya ya yi, mutanen nan duk sun mutu, ruwa da mashi suka cinye su. Jama'a suka girgiza kai, suka ce ciwon matar ne ya taɓa shi, Allah ya sawwaƙe. Har waɗansu daga cikin matan da ke jira suka zage shi don yana yi wa mazansu mugun baki.

Da damina ta sake kewayowa, hadarin farko na haɗuwa Barau ya hana Bawa zuwa ko'ina. Ya hana shi rijiya, ya hana shi gulbi, ya sa shi a gaba a mahauta yana kallonsa. A nan, da hantsi, a tsakiyar mutane, Bawa ya saki wuƙa ya dafe ƙirji, ruwa ya riƙa bulbulowa daga bakinsa har ya faɗi. Masu sayen nama suka ci gaba da ciniki, wani ma yana cewa Bawa ya ƙara masa gyara.

Barau ya saɓi ɗansa a kafaɗa ya nufi fada. Akwai mutum ɗaya a garin da ya san gaskiya tun kafin a yi tsafi, wanda bai buƙatar a gaskata masa komai. Ya shimfiɗe gawar a zaure.

"Ranka shi daɗe, kai ka sani. Ba ni roƙon komi sai ka ce ma liman shi yi mashi salla."

Maigari ya daɗe yana duban abin da ke kwance a gabansa, kuma Barau ya ga a idonsa cewa ya gani. Sannan ya kawar da kai.

"In na yarda da bakinka yau a kan ɗanka, gobe a tambaye ka sauran. Ɗauke shi, Barau. Barci shikai."

Ya fito da gawar ya zauna da ita a ƙofar gidansa, rana na dukansu. Duk wanda ya wuce sai ya roƙe shi, duk wanda ya roƙa sai ya gaishe da Bawa ya wuce. Can sai ga Baturiya da tulu a ka, ta rame ta yi baƙi. Ya kama gefen zanenta.

"Baturiya, don Allah ke ki duba. Bawa ya rasu."

Ta duba, ta sake dubawa. Ba gatse a muryarta, da tausayi ta yi maganar. "Yanzu niw wuce shi mahauta shina fiɗa. Yi haƙuri ka jira shi, Barau, zai dawo. Jira ba ya kisa, ni shaida ce."

Shi kaɗai ya haƙa ramin. A cikin wannan damina shanun suka fita wata safiya suka shiga gulbi a jere, ba su fito ba. Soron ya zube, Taibatu ta bi wata hanya ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Barau kansa ba wanda zai ce ga ranar da ya mutu, don ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba. Maigari kuwa da rawaninsa aka kai shi kabari, amma wannan shari'a ce da ke gaban wani alƙalin.

Ku masu kwaɗayi, ku ji da kyau. In ruwa ko yaƙi ya ci mutane, kullum akwai babban da zai so a ce ba su mutu ba, kuma kullum yana neman ƙaramin da zai ara masa baki. Kada ku zama wannan ƙaramin. Mamaci ba ya roƙon kowa sa ko gona, abin da yake bin rayayyu kawai a faɗi cewa ya mutu, a sallace shi, a ba 'ya'yansa abin da ya bari. Wanda ya ci wannan haƙƙi don ya tara garke, ya sani da 'ya'yansa zai biya, kuma ranar da zai yi kuka ba mai zama kusa da shi.