Gadon da Aka Samu a Kife

Labbo dillali ya tsinci tsohon gadon itace a kife a kufan Alkalawa. Ya ɗora wa jaki zai kai wa wani Bature mai son kayan dauri, wato na zamanin da, a garin Isa. Da almuru ya sauke gadon a gindin tsamiya, sai ga wata tsohuwa tana shafa zanen ƙafafun gadon. Bai ji tahowarta ba.

"Sassaƙar Gobirawan dauri ta, ɗana. Wa yac ce ka birkito shi? Ba a kife gado sai an wanke gawa bisa shi."

"Inna, Bature na jira."

Ta hau gadon ta miƙe a kwance. Kwarmin da ke jikin itacen ya yi daidai da bayanta, ruwa mai ƙanshin ganyen magarya ya fara ɗiga ƙasa.