Waƙar da Maharazu Ya Juya Baibai

Ɗakin karatun jami'ar da ke Bloomsbury a Landan ya yi tsit, kwatsam sai muryar wata mace ta tashi da waƙa mai sanyi, cikin harshen da ba Turanci ba, piyano na bin ta a hankali. Kowa ya ɗago kai.

"Innalillahi, na shiga uku!" in ji wata budurwa mai mayafi ruwan toka, tana lalubar waya a jaka. Abin kunnenta ne ya mutu, waƙar ta fito fili.

Saurayin da ke gefenta ya danne dariya ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba ki shiga ba. Danna maɓallin gefe."

Ta kashe, sannan ta juyo ta dube shi. Ba ta zaci jin Hausa a wurin ba.

Sunansa Maharazu, ɗan Funtuwa, ya zo karatun digiri na biyu kan lafiyar al'umma. Ita kuwa Karimatu tun tana ƙarama iyayenta suka taho da ita daga Kano, suna zaune a Lewisham, Japananci take karanta.

A bakin ƙofa ya tare ta. "Don Allah me matar nan take cewa? Na ji kamar an yi mata mutuwa."

"Ba mutuwa ba ce. Wani take so, ta kasa faɗa masa."

"To me ta ce da shi?"

"Cewa ta yi ya sa rigar sanyi, iska ta fara kaɗawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Su ba sa fitowa su ce ina son ka. Sai su kama zancen ruwan sama, ko jirgin ƙasa, ko furen da ya kusa zuba. Kunyarsu kamar tamu."

Bai bar ta ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba sai da ya karɓi lambarta.

Daga nan kullum sai ta turo masa waƙa ɗaya, ta bi ta da bayani. Akwai ta ɗaliban da ke rabuwa ranar gama makaranta, akwai ta mutumin da ya koma garinsu ya tarar an rushe shagon da suke haɗuwa. Shi da bai san komai ba sai kiɗan kalangu na bikin gidansu, sai ga shi a bas yana share ido.

Ya rubuta mata: "'Yar Japan, waƙoƙinki sun hana ni karatu. Mutanen nan ba su da wadda ake aure a ƙarshe ne?"

Ta amsa: "Akwai, Malamina. Sai an sha wuya ake kai wa gare ta."

Ya sake rubutowa: "To ni ba Bajapane ba ne, ba zan yi zancen ruwan sama ba. Ina son ki, Karima. Ki ba ni izini in zo in gaida Abba."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Ta san mahaifinta.

Alhaji Ahmad ya shekara da shekaru yana aiki a ƙaramar hukumar unguwarsu, ya ga auren da aka ɗaura don takardar zama, ya ga yadda ake watsar da yarinya da zarar takarda ta fito. Ranar da Maharazu ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji bai tambayi sunan mahaifinsa ba.

"Yaushe bizarka za ta ƙare?"

"Ƙarshen shekarar nan, Baba."

"Na yi zato." Ya ajiye kofin shayinsa. "Yaro, 'yata ba takarda ba ce."

Maharazu ya tashi ya fito. Karimatu kuwa tana kicin, ta ji komai, ta riƙe bakin tukunya har ta ƙone ba ta sani ba.

Bayan haka Affan ya fara zuwa gidan. Ɗan aminin Alhaji ne, likitan haƙori, haihuwar Landan, ana yi masa Hausa yana mayarwa da Turanci. Ba mugu ba ne, kuma ba wanda ya tilasta mata, amma duk zuwansa sai Alhaji ya yi ta fara'a yana satar kallonta. Wata safiya ana ruwa Affan ya rage mata hanya zuwa makaranta. Maharazu na tsaye a tsallaken titi da lema biyu a hannu, ya ga ta fito daga motar.

Ya juya ya tafi. Saƙonninsa dai suka gajarce. Ta lura, hankalinta ya tashi, ta rasa ta inda za ta fara. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura masa waƙar da ta fi so a duniya, wadda ba ta taɓa jiyar da kowa ba. A karon nan ba ta sa bayani ba, kunya ta hana ta. Cewa kawai ta yi: "Wannan ita ce maganata."

Maharazu ya saurara, ya ji muryar na karyewa. Ya nemo baitocin ya zuba a manhajar fassara ta waya. Abin da ya fito ya sa ya zauna a bakin gado: na gode da komai, zan tafi, kada a jira.

Ya rubuta mata: "Na gane. Allah ya ba ki farin ciki da wanda kika zaɓa. Ki yafe ni."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, wayar a kashe. A ranta ta ce maganar Abba ce ta kore shi, ko kuwa dama Abban ne ya yi gaskiya? Wannan tunanin ya fi komai cin ranta. Ta daina cin abinci sosai, ta daina jin waƙa ɗungurungum. Ummanta, Hajiya Rashidatu, ta dube ta ta ce, "Ke Karima, kin ga yadda kika koma kuwa?" Ta ce jarabawa ce. A makaranta idonta na kan kowace ƙofa, amma shi ya canja wurin karatu.

Wata Asabar bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tana sama ta ji muryarsa yana sallama, ta sauko a hankali ta tsaya a bayan ƙofar falo.

"Baba, sallama na zo yi. An ɗauke ni aikin koyarwa a Zariya, da na gama zan koma. Dama can niyyata ke nan. Maganar takarda ce ta tsaya mini a rai, ban so in tafi kana yi mini wannan kallon. Karimatu kuwa ta riga ta sallame ni, ba zan dame ta ba."

"Ni na sallame ka?" Ba ta san lokacin da ta faɗo falon ba. "Yaushe?"

"Waƙar da kika turo. Na fassara. Kin ce za ki tafi, kada in jira."

Ta dafe kai. "Wayyo Allah! A waya ka fassara?"

Alhaji ya dubi wannan ya dubi waccan. "Wace waƙa kuma?"

"Abba, su Japanawa sau da yawa ba sa cewa ni ko kai a magana, mai ji ne ke gane wa ake nufi. Wayar ta yi cinke ne, ta juya maganar."

"To ai ke muka biya wa makaranta. Faɗa mana daidai."

Ta sunkuyar da kai. Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Muna jin ki," in ji Alhaji.

Karimatu ta ce, "Matar ba ta tafi ko'ina ba. Shi ne zai tafi. Cewa ta yi ya je, kada ya tsaya saboda ita, ita tana nan inda ya bar ta, komai daɗewa." Ta ja mayafi ta rufe fuska ta gudu bayan Ummanta.

Maharazu ya kasa ɗago kai, hawaye na ɗiga a kan kafet.

Hajiya ta ce, "Alhaji, yaran nan fa sun wahala."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Maharazu, wane ne mahaifinka a Funtuwa?"

Bincike ya ɗauki lokaci, Karimatu na zabura duk sanda wayar Abba ta yi ƙara. Ƙanin Alhaji ya je Funtuwa da kansa, ya dawo da labari mai daɗi. Affan ma da ya ji, har gida ya zo ya yi mata murna.

Da ta gama karatunta Maharazu ya dawo daga Zariya tare da baffansa, aka ɗaura aure a masallaci a Lewisham bayan sallar Juma'a. A wurin walima Alhaji ya kama hannun angon ya riƙe, idonsa ya kaɗa.

"Na ji tsoron za ka zauna a ƙasar nan ta dalilinta, ashe ɗauke mini ita za ka yi gaba ɗaya. Na ba ka amana, ɗana."

"Na karɓa, Baba."

Hajiya ta rungume 'yarta tana kuka tana dariya. Alhaji ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga tare da shi.

"Allah ya sa albarka a auren nan, ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuri'a ta gari. In ɗayanku ya ji abin da bai gane ba, Allah ya ba shi ikon tambaya."

Ɗakin ya ɗauka da amin. Karimatu ta ɗago ido daga ƙarƙashin lulluɓi, ta tarar Maharazu ita yake kallo.