Amanar Mai Takaba

Ranar Litinin da hantsi Hidaya ta sauko daga benen kamfanin Marmaro rungume da kwali, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Ma'aikata goma sha ɗaya ne a wannan kamfani mai ƙera wasannin bidiyo a garin Wudil, kuma a matsayinta na jami'ar kula da ma'aikata ita ta karɓi takardun kowannensu, ita ta nuna masa kujerarsa, ita ke tuna ranar sunan 'ya'yansu. Amma yau aiki ya yi wa kowa yawa, babu wanda ya samu sukunin ɗaga kai daga kwamfuta. Allah sarki!

Laifin da aka ɗora mata ba ƙarami ba ne. Shekara biyu suna gina wani wasa na mai kwale-kwale da ke tsallakar da shanu kogi ranar kasuwa, saura wata biyu a sake shi, sai aka wayi gari hotunansa suna yawo a intanet. Mai kamfanin, Malam Sha'aibu, ya tara kowa yana huci. Nan Mudassir, shugaban sashen zane, ya miƙe da fuskar tausayi ya ce, "Wallahi ban so faɗa ba, ƙanwata ce... amma duk Juma'a Hidaya tana fita da filash ɗin kwamfuta cike da zanenmu."

Mudassir ɗan kawunta ne. A gidansu ta tashi tun rasuwar iyayenta, kuma ita ta roƙa aka ɗauke shi aiki.

"Gaskiya ne, Hidaya?" in ji Malam Sha'aibu.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"Ina kike kai shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba zan iya faɗa ba. Amma Allah shi ne shaidata, ban cuce ku ba."

Garin Darki take kai shi, wajen Sakina, gwanar zanen kamfanin, wadda mijinta ya rasu a haɗarin mota ya bar ta da yara biyu. A takarda Sakina hutun takaba take yi, wata huɗu da kwana goma. Sai dai ranar da Hidaya ta je gaisuwa, Sakina ta ja ta ƙuryar ɗaki tana kuka ta ce, "Yaya Hidaya, idan ban yi zane ba zan haukace. Na tambayi malami, ya ce babu laifi in yi aiki a ɗakina. Amma surukata ta rantse in ta ga mai takaba da kwamfuta, to ban damu da ɗanta ba, za ta kwashe yaran. Ki kawo min aikin a ɓoye, don Allah... kada ko Oga ya ji, kin san shi da yayan mijina ba sa ɓoye wa juna magana." Hidaya ta riƙe hannunta ta yi alkawari. Tun daga nan duk Juma'a sai ta keta cunkoson kasuwa ta kai, ta karɓo wanda aka gama ta miƙa wa Mudassir, don dole aikin ya bi ta hannunsa. Shi kaɗai ya san sirrin, ya kuma san ko za a yanka ta ba za ta yi magana ba. A taro kuwa cewa yake shi ya zana, har ana sa masa albarka.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Mahaifiyar Mudassir tana tsaye a tsakar gida. "To, 'yar riƙon amana, an dawo? Mun ci da ke, mun sha da ke, sakayyar ke nan, ki zubar wa ɗana da mutunci a wajen aikinsa? Kwashe kayanki!" Kawun nata yana zaure yana jin rediyo, sai ya ƙara murya.

Garin Achika ta nufa, wajen Inna Saudatu, ƙanwar mahaifiyarta, tsohuwa mai ɗaki ɗaya da akuya uku. Inna ba ta tambaye ta komai ba sai da ta dama mata fura ta ga ta shanye.

"Yanzu ke 'yar nan, a kan wasan yara na cikin waya aka kore ki? Manya da gemu su zauna suna tsallakar da shanun ƙarya?"

Hidaya ta yi dariya cikin kuka. "Inna, aiki ne fa."

"Na ji. To kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"Shi ke nan, kwanta. Fuskar uwarki gare ki, ita ma ba ta iya ƙarya ba, ko ta wasa."

Sati uku ta yi a nan. Ta rame, ta yi baƙi. Ƙawayenta suka daina kira, a rijiya mata suka riƙa yin shiru idan ta iso. Sau biyu ta ɗauki waya za ta kira Malam Sha'aibu ta fasa masa komai, sai ta tuna yaran Sakina suna rige-rigen hawa cinyar uwarsu... ta ajiye. A sujada take cewa, "Ya Allah, Ka san abin da na rufe, Ka rufa min asiri." Da Sakina ta kira tana cigiyar aiki, cewa ta yi mata zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kada ta damu.

Ranar da takaba ta cika, mahaifin Sakina ya zo ya ɗauke ta da 'ya'yanta zuwa gidansa. Washegari ta hau benen Marmaro da murnar ganin Hidaya, ta tarar da kujera babu kowa. Da aka gaya mata dalili, sai ta dafe bango.

"Innalillahi! Ni take kai wa! Duk zanen da kuka gani cikin watannin nan hannuna ne, Oga. Saboda 'ya'yana ta yi shiru, kuka kore ta kamar ɓarauniya?"

Malam Sha'aibu da kansa ya tuƙa mota zuwa Achika. Inna Saudatu ta bar shi tsaye a rana har sai da ta gama ba akuyoyinta dusa.

Duk da haka ba a san wanda ya saki hotunan ba. Mudassir ya ce ai ya karɓi yabon ne don ya rufa wa Sakina asiri, har da share ido. Hidaya, wadda aka dawo da ita bakin aiki, ta zauna a teburinta ta buɗe imel ɗin ofishinta. Sati uku babu wanda ya leƙa shi, don a ganinsu aikinta gaisuwa ce da rabon takardar hutu. Saƙo na huɗu daga wani babban kamfani ne a Legas. Sun ce Mudassir ya nemi aiki a wurinsu, kuma bisa al'ada kafin su ɗauki mutum sukan tuntuɓi mai kula da ma'aikata a inda yake. Suna son a tabbatar musu shi ya zana hotunan da ya jera a shafinsa na intanet. Ga adireshin shafin, buɗe ga duk duniya, ga kwanan wata: kwana biyu kafin hotunan su bazu.

Malam Sha'aibu ya karanta da ƙarfi, sau biyu. Mudassir ya zube a ƙasa. "Hidaya, ki dubi zumunci..."

Ta dube shi, hawaye na zuba. "Na dube shi, Yaya. Sati uku ina dubansa."

A ranar aka sallame shi, kuma da hannunta ta buga takardar, don aikinta ne. Ta ba Legas amsa a layi biyu, babu zagi, babu ƙari. Mahaifiyarsa ta aiko wai ɗakin Hidaya yana nan an share, Hidaya ta aika da godiya, ta ce Inna na bukatar mai ɗebo mata ruwa.

Da Malam Sha'aibu ya tambaye ta me zai yi ta yafe masa, doka ɗaya ta nema a rubuta: duk ma'aikaciyar da ke takaba kujerarta na jiranta, kuma abin da ta faɗa wa ofishin ma'aikata ba a tilasta kowa ya bayyana shi. Nan take ya sa hannu.

Da la'asar Sakina ta shigo ta rufe ƙofa, ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba, Yaya Hidaya? Zazzaɓi fa kika ce!"

"Da na faɗa, da kin fito kafin kwanakinki su cika. Na san halinki."

"Da na fito mana!"

"To kin gani." Hidaya ta share mata hawaye da gefen hijabi, ta share nata. "Tashi, kada ki jiƙa min kaya. Yaran suna ina?"

"Suna gidan Baba, suna ta ɓarna."

"Alhamdu lillahi," in ji Hidaya. "Su yi ta yi."