Ƙafar Auta a Kan Birki

Motar Baba tsohuwa ce, doguwa, mai manyan tayoyi. Ba a zuwa kasuwa da ita. Aikinta hawa duwatsu da ratsa laka. Kowa a gidan yana ce mata Tsohuwa, har Mama da ba sa shiri da ita.

Baba yana cikin wata ƙungiya ta masu irin waɗannan motoci. Idan hutu ya zo, sai su jera motocinsu su shiga daji. Su kwana a tanti, su dawo da laka har cikin kunne. A wannan karon Baba ya ce zai tafi da ƙaramar 'yarsa, wadda ake kira Auta.

"Amma fa da sharaɗi," in ji Baba. "Wanda zai hau Tsohuwa, sai ya taya ta gyara."

"Na yarda!" in ji Auta, tun bai rufe baki ba.

Da ta san halin Tsohuwa, da ba ta yi saurin amsawa haka ba. Motar nan ba ta tashi sai an lallashe ta. A gyara nan, can ya ɓalle. A ɗaure wannan, wancan ya fara ɗiga. Tun farkon hutu suke fama a gareji. Auta ta miƙa sifana, ta riƙe fitila, ta wanke notuna a cikin tsohon gwangwani. Hannayenta suka yi baƙi, sabulu ya gaji ya bar su.

Ana gobe tafiya, aiki ɗaya ya rage. Rana ta yi sanyi, su ma sun yi laushi. Baba yana tafiya yana dafe da ƙugu.

"Saura birki, Auta," in ji shi. "Iska ta shiga cikin man birkin. In akwai iska, ka taka sai ya nutse kamar soso, mota ta ƙi tsayawa. Dole mu fitar da ita."

"Yaya ake yi, Baba?"

"Aikin mutum biyu ne. A bayan kowace taya akwai wani ɗan noti. Ni zan shiga ƙarƙashi wajensa. Ke ki zauna a kujerata. In na ce taka, ki yi ta takawa. In na ce riƙe, ki danne da ƙarfi. A lokacin nake buɗe notin, iskar ta fita. Kada ki ɗaga ƙafa sai na ce saki. In kika ɗaga kafin na rufe, iskar za ta koma ciki."

"Wannan ai mai sauƙi ne."

"Allah ya sa," in ji Baba. "Ki tuna ba na ganinki daga can ƙasa. Abin da kika faɗa, shi zan kama."

Baba ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Ƙafafunsa kawai ake gani. Auta ta hau kujera. Ƙafarta gajeriya ce, sai da ta matso bakin kujerar, ta rungume sitiyari, sannan ta kai.

"Taka!"

Ta yi ta takawa.

"Riƙe!"

"Na riƙe!"

"Saki!"

Da farko abin wasa ne. Har waƙa take yi da shi. Suka gama taya ta farko, Baba ya ja kwalinsa zuwa ta gaba. Taka, riƙe, saki. Taka, riƙe, saki. Waƙar ta mutu. Garejin ya cika da warin mai, zufa tana shiga idon Auta.

Kafin su kai taya ta ƙarshe, ƙafarta ta fara rawa. Ƙwaurinta ya ɗaure tamau. Ga notin wajen ya yi tsatsa, Baba yana daɗewa kafin ya rufe shi.

Auta ta so ta ce ta gaji. Maganar ta zo har bakinta. Sai ta tuna sharaɗin Baba. In ta ce ta gaji, ƙila ya ce ta yi ƙanƙanta, a bar ta a gida. Ta haɗiye maganar.

"Riƙe!" in ji Baba.

Ta danne. Zafin ya haura har cinyarta. A hankali ta ɗaga ƙafar, ta murza ƙwaurin da hannu. Kai, daɗi!

"Kin riƙe ko?" Muryar Baba ta fito daga ƙasa.

"Na riƙe," in ji Auta. Ta yi maza ta mayar da ƙafar.

Da aka sake, ta sake ɗagawa. Ƙarya in ta wuce sau ɗaya, ta biyu ba ta da wuya.

Daga ƙarshe Baba ya fito. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, ya lumshe ido. Ko miƙewa ya kasa yi.

"Taka mini ki ji. Ya yi tauri?"

Auta ta taka. Birkin ya nutse kamar soso.

"Ya yi, Baba."

"Madalla da 'yar Baba. Mun gama."

Mama ta leƙo daga ƙofa. "Ku da wannan Tsohuwa taku! Ku zo ku yi wanka, abinci ya huce. Kun yi kama da gawayi."

Auta ta ci abinci ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Ta ce wa kanta, ɗan ɗaga ƙafa kaɗan ai ba zai yi komai ba. Zuciyarta ba ta yarda ba.

Da sassafe motoci suka fara isowa, don a ƙofar garejinsu ake haɗuwa. An ɗaura tantuna da jarkokin ruwa a saman kowace. Yara suna ta guje-guje. An yi musu alkawarin tsayawa a wani tafki su yi iyo kafin rana ta yi zafi.

Ƙungiyar tana da doka. Ba mai gwada motarsa da kansa, domin mai mota ba ya ganin laifinta. Jagoran tafiya ne yake bi yana dubawa. Dattijo ne mai furfura a gemu, yara suna ce masa Kawu.

Kawu ya zagaya Tsohuwa. Ya buga tayoyi da ƙafa, ya ja igiyoyin kaya. Sannan ya hau kujera ya taka birki. Ya sake takawa. Fuskarsa ta canza.

"Malam, zo ka ji."

Baba ya taka. Ƙafarsa ta tafi kusan ƙasa.

"Ikon Allah! Jiya muka fitar da iskar nan, taya bayan taya."

"Ka yi haƙuri," in ji Kawu. "Da wannan birkin ba za ta bi mu ba. Akwai gangara a hanya."

Baba bai yi musu ba. Ya sauko ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Auta ba ta taɓa ganin ya gaji haka ba.

"Ke nan famfon birkin ne ya mutu," in ji shi a hankali. "Shi kuwa ba a samunsa yau. Ku tafi kawai, kada mu ɓata muku lokaci."

Mama ta fara kwance igiyar tanti. Ko tsokanar Tsohuwa ba ta yi ba.

Baba ya yafito Auta da hannu. "Zo nan, Auta. Kin sha wahala a banza. Na yi miki alkawari, na kasa cikawa. Ki yafe wa Babanki."

Wannan maganar ce ta karya ta. Da faɗa ya yi mata, da sauƙi. Hawaye suka zubo.

"Baba, ba famfo ba ne. Ni ce."

"Ke ce me?"

"A taya ta ƙarshe na ɗaga ƙafa. Ka tambaye ni, na ce na riƙe. Kuma da na ce ya yi tauri, bai yi ba."

Yaran da ke guje-guje suka tsaya suna kallonta. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Me ya sa?" in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

"Ƙafata ce ta gaji. Na ji tsoro kada ka ce ba za ni ba."

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Auta, gajiya laifi ce? Ni ma a gajiye nake. Da kin faɗa, da mun huta. Ni ma da nawa laifin, da ban tashi na taka da kaina ba."

Kawu ya shafa gemu. Ya juya ga sauran mutane. "To, kun ji. Iska ce kawai, ana iya fitar da ita yanzu. Amma in muka jira, sanyin safiya ya wuce mu. Ba tsayawa a tafki. Me kuka ce?"

"Tare muka shirya, tare za mu tafi," in ji wata mata mai jar mota.

Manya suka yarda. Yara kuwa suka tura baki. Wani ƙaramin yaro ya fashe da kuka, yana cewa shi dai iyo yake so. Auta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri. Ba kowa ne ya amsa mata da fara'a ba.

Baba ya sake shimfiɗa kwalinsa, da kayan tafiyarsa masu tsabta. Auta ta sake hawa kujera. Rana ta ɗaga, garejin ya ɗau zafi. Aka koma farko. Ba a yi nisa ba ƙwaurinta ya ɗaure.

"Baba, na gaji! Rufe notin, zan ɗaga!"

"Na rufe. Ɗaga."

Ba wanda ya yi dariya. Mama ta hau ta karɓe ta, tana mita wai yau har ita Tsohuwa ta sa aiki. Da Auta ta huta, ta karɓa. A haka suka gama. Kawu ya zo ya taka birkin, ya tsaya cak kamar dutse.

"Yanzu kam za ta je," in ji shi.

Suka tashi a makare. Suka wuce tafkin ba su tsaya ba, Auta ta sunkuyar da kai har sai da ya ɓace. Tsohuwa tana ta jijjiga su a kan duwatsu.

Da yamma suka iso gangarar. Doguwa ce, cike da tsakuwa. Motoci suka bi ta a jere, a hankali. Jar motar ce a gabansu. Suna tsakiyar gangarar, sai tayarta ta faɗa rami, ta tsaya nan take.

Baba ya taka birki. Tsohuwa ta yi ƙara, tsakuwa ta watse, ta tsaya. Tsakaninsu da jar motar bai fi taku ɗaya ba.

A gilashin bayan jar motar, yara biyu suna leƙowa. Ɗayansu shi ne yaron da ya yi kukan iyo. Bai san abin da ya faru ba. Ya ɗaga wa Auta hannu yana dariya.

Auta ta kasa ɗaga nata. Ta juya ga Baba.

"Baba, da ban faɗa ba fa? Da Kawu bai gwada ba?"

"Allah ya tsare," in ji Baba. Ya dafa kanta da hannunsa mai baƙin mai. "Kin ga dalili ke nan. In mutum ya dogara da bakinki, ki faɗa masa gaskiya. In kin gaji, ki ce kin gaji. Wannan ba abin kunya ba ne. Ƙarya ce take jawo haɗari, har ga waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba."

"Na gane, Baba. Ba zan ƙara ba."

Aka jawo jar motar daga rami, aka ci gaba. Da suka isa wurin kwana, yaron nan ya rugo ya kama hannun Auta, wai ta zo ta ga tantinsu. Ƙafarta tana ciwo har yanzu. Ta bi shi tana ɗingishi, tana murmushi.